Tseren zango-zango: Daga Japan zuwa ƙasar Kurfey, gudun da ba sai gwani ba

A ranakun 2 da 3 ga watan Janairun kowace shekara, miliyoyin mutanen Japan kan zauna gaban talabijin tun da sassafe suna kallon ɗaliban jami'a na gudu a kan titi. Nisan da ake ci kilomita 217 ne, daga tsakiyar birnin Tokyo zuwa garin Hakone da ke kan duwatsu, washegari kuma a dawo. Babu ɗalibi ɗaya da ke gudun hanyar duka. Kowace jami'a na kawo mutum goma, kowanne ya ɗauki yankinsa na fiye da kilomita 20, ya miƙa wa na gaba.

Wannan nisa ya zarce tazarar da ke tsakanin Yamai da Filinge, wadda take kimanin kilomita 180, tafiyar da ko a mota sai fasinja ya sauka ya miƙe ƙafa a Balleyara. Idan aka ce wa saurayi a Sanam ko Abala ya yi gudun wannan hanya, zai ɗauka ba'a ake yi masa. Amma idan aka ce masa kilomita biyar kawai zai yi, abokinsa na fada yana gaba yana jira ya karɓa, to magana ta sake. Kilomita biyar ai ita ce tafiyar da yaro ke yi a bayan awaki kafin hantsi.

A kan wannan dabara aka gina tseren karɓa-karɓa na dogon zango. A ƙasashe da dama yanzu ya fita daga hannun gwanaye, ya koma hannun malaman makaranta da ma'aikatan ofis da masu shaguna da matan aure, mutanen da ba su taɓa sa ran cin kofi ba. Su ne ake nufi da masu gudun sha'awa, kuma irin nauyin da tseren ke ɗora musu ya sha bamban da na gudun famfalaƙi da mutum ke yi shi kaɗai.

Sunan da Bahaushe ya riga ya sani

Mutanen Japan na kiran tseren ekiden. Kalma biyu aka haɗa, ta farko na nufin tasha ko masauki, ta biyu na nufin isar da saƙo. Asalinta tsarin aika wasiƙun hukuma ne na zamanin da, inda manzo ko mai doki zai kai saƙo masauki na gaba, wani da ƙarfinsa ya karɓa ya wuce. Tsohuwar hanyar Tokaido da ta haɗa Kyoto da Edo, wato Tokyo ta yanzu, tana da irin waɗannan masaukai har 53.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin yana da kalmar tun kafin zuwan Bature, ita ce zango. Fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro da zango suke auna hanya, madugu ne ya san inda za a yada zango da inda ruwa yake. Har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara zango ake kiransu. Mutanen Kurfey ma sun san hanyar kudu, domin tun zamanin mulkin mallaka samarin Dallol Bosso ke tafiya ci-rani Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da yawansu a ƙafa suka fara tafiyar. Bambancin kawai shi ne farke kan taka kowane zango da ƙafarsa, a ekiden kuwa saƙon ne ke tafiya, masu ɗaukarsa na sauyawa.

A watan Afrilun 1917 aka fara mayar da tsarin wasa. Jaridar Yomiuri ce ta ɗauki nauyi, don bikin cika shekara 50 da komawar babban birnin ƙasar Tokyo. An tashi daga Kyoto, aka raba hanyar mai fiye da kilomita 500 zuwa zango 23, aka yi ta gudu dare da rana har kwana uku.

Mutumin da ya ɓace a Stockholm

Wanda ya yi zangon ƙarshe a wancan tsere, Shiso Kanakuri, shi ne kuma ya jagoranci kafa tseren Hakone a 1920, da makarantu huɗu kacal. Labarinsa ya kamata duk mai gudun sha'awa a ƙasa mai zafi ya sani.

A 1912 Kanakuri ya wakilci Japan a gudun famfalaƙi na gasar Olamfik a Stockholm, bayan tafiyar kusan mako uku a jirgin ruwa da jirgin ƙasa ta Saiberiya. Ranar tseren an yi zafin da ba a saba gani ba a Sweden. Kusan rabin waɗanda suka tashi ba su kai ƙarshe ba, ɗan ƙasar Fotugal Francisco Lázaro ma ya faɗi a hanya, washegari ya rasu. Kanakuri ya galabaita bayan ya wuce rabin hanya, wasu mutanen gida a bakin titi suka shigar da shi suka ba shi abin sha. Kunya ta sa ya koma Japan bai sanar da masu shirya gasar ba, sunansa ya daɗe a takardun Sweden a matsayin wanda ya ɓace. Sai a 1967 aka gayyato shi, yana dattijo, ya ƙarasa tseren. Lokacin da aka rubuta masa shi ne shekara 54, wata 8, kwana 6 da 'yan sa'o'i.

Zafin da ya kayar da gwanaye a Stockholm bai kai na watan Afrilu a Sanam ba, inda ma'aunin zafi ke haura 40 kusan kullum.

Ƙyallen da ya fi sanda nauyi

A tseren miƙa sanda na filin wasa, irin na mita 400 sau huɗu da Najeriya ta samu zinare a kansa a gasar Sydney ta 2000 bayan an ƙwace na Amurka, sanda ake miƙawa, kuma cikin minti uku an gama. A ekiden wani ƙyalle ne ake ratayawa daga kafaɗa zuwa kwiɓi, suna kiransa tasuki, mai launin makaranta ko kamfani. Kafin ya kai hannun mutum na goma ya sha zufar mutum tara.

Akwai wata doka a Hakone da ta fi komai sa 'yan kallo hawaye. Saboda ba za a rufe titi har illa masha Allah ba, idan ƙungiya ta yi nisa da ta gaba da minti 20 a rana ta biyu, sai a sallami ɗan gudunta na gaba da ƙyallen aro, ba tare da ya jira ɗan'uwansa ba. Kusan kowace shekara sai an ga ɗalibi ya ɓullo daga kwana, ƙyallen a hannunsa, yana hangen abokinsa, saura 'yan daƙiƙu, sai ƙarar bindigar sallama. Ya iso babu wanda zai miƙa wa. Ƙungiyar ba ta fita daga gasa ba, ana ci gaba da lissafa mata lokaci, amma a wurinsu ƙyallen ya yanke.

Wannan nauyi yana da fuskar da ba ta da kyau. A watan Oktoban 2018, a wani tseren mata na kamfanoni a lardin Fukuoka, wata 'yar shekara 19 mai suna Rei Iida ta karye a ƙauri saura kimanin mita 200 ta miƙa ƙyalle. Sai ta ci gaba da rarrafe a kan kwalta, gwiwoyinta na zubar da jini, abokiyarta na tsaye tana kuka. Kocinta ya aika a dakatar da ita, saƙon bai isa kan lokaci ba. Wasu sun yaba mata, wasu da dama a Japan suka ce alƙalan ne suka gaza. Na biyun sun fi gaskiya. Wasan da ke sa yarinya jin cewa karaya ba uzuri ba ce yana buƙatar alƙali mai ikon cewa ya isa, kuma duk wanda zai shirya irinsa a ko'ina daga nan ya kamata ya fara.

Afirka ma na da hannu a tarihin. Tun ƙarshen shekarun 1980 makarantu da kamfanonin Japan ke ɗauko matasan Kenya don ekiden. Samuel Wanjiru, wanda ya ci zinaren famfalaƙi a Beijing a 2008, a wata sakandare ta birnin Sendai ya goge.

Inda 'yan sha'awa suka karɓe

Hakone ta gwanaye ce, kuma maza ɗalibai kaɗai ke shiga. Amma tsarin ya yaɗu ya sauya kama.

A jihar Oregon ta Amurka akwai tseren Hood to Coast, wanda Bob Foote ya fara a 1982 da ƙungiyoyi takwas. Ana tashi daga kan dutsen Hood a gangaro har bakin teku a garin Seaside, kusan kilomita 320. Ƙungiya mutum 12 ce, zango 36, kowa zai yi gudu sau uku. Ana tafiya da motoci biyu, shida na gudu bi da bi, shida na ƙoƙarin runtsawa a gefen hanya. Fiye da ƙungiya 1,000 ke shiga duk watan Agusta, kuma masu nema sun fi guraben yawa har sai an yi ƙuri'a. A Kopenhagen ta Denmark kuwa an sauƙaƙa abin ƙwarai, mutum biyar, kowa kilomita biyar a cikin lambun shaƙatawa, ma'aikatan kamfanoni da asibitoci da makarantu fiye da 100,000 ke fitowa cikin 'yan kwanaki, in an gama a zauna a gasa nama.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a ƙasashen da ke magana da Faransanci shi ne na raba nisan famfalaƙi, kilomita 42.195, ga mutum shida: 5, 10, 5, 10, 5, na ƙarshe ya ɗauki 7.195. Haka ake yi a birnin Paris duk shekara, kuma yawancin masu shiga abokan aiki ne ko 'yan unguwa ɗaya.

Abin da mai gudun sha'awa ke tararwa

Wanda ya shiga famfalaƙi shi kaɗai, in ya gaji ya tsaya, kansa ya yi wa. A tseren zango-zango mutum biyar ko goma sha ɗaya ne suka dogara da shi. Wannan shi ne daɗin abin, shi ne kuma tarkonsa.

Tarkon farko yana nan a wurin karɓa. Mutum ya daɗe a tsaye yana jira, jama'a na ihu, abokinsa ya iso yana haki ya danƙa masa ƙyalle. Jini ya hau, sai ya fita da gudun da bai taɓa yi ba a atisaye. Kilomita ɗaya lafiya lau. A ta biyu numfashi ya fara sarƙewa, a ta uku ciwon haƙarƙari ya kama, sai tafiya da hannu a kwankwaso. Waɗanda suka saba sukan ba sabon shiga shawara ɗaya: a kilomitar farko ya yi gudun da zai iya amsa gaisuwa a cikinsa. Wanda ya wuce shi a nan, sau da yawa zai tarar da shi a gaba.

Na biyu shi ne zaman jira tsakanin zango da zango, a tseren da mutum ke gudu fiye da sau ɗaya. Gudun farko kowa na iyawa. Matsalar ita ce bayan an gama an shiga mota an takure awa biyar ko shida, ƙafa ta sandare, zufa ta bushe a jiki, ga yunwa ga tsoron cin abinci mai nauyi. Zango na biyu kan faɗo da dare, na uku da asuba ba a yi barci ba. Shi ya sa wanda ke shirin irin wannan tsere yake buƙatar ya gwada gudu sau biyu a rana ɗaya, safe da yamma, ko da sau uku ne kafin ranar, don jiki ya san yadda ake tashi a kan gajiya.

Na uku ciki ne. Duk abin da mutum bai saba ci kafin gudu ba, ranar tsere ba ranar gwada shi ba ce. Wanda ya saba da koko ko ɗan fura mai ruwa-ruwa awa biyu kafin ya fita, ya tsaya a kan abinsa. Shayi mai kauri na fada a kan cikin da babu komai, ko ƙwayoyin ƙara kuzari da ake saya a teburin bakin hanya, hanya ce ta jawo bugun zuciya da jiri. Tiramol dai bai kamata ma a kawo zancensa kusa da filin tsere ba, domin yana rufe ciwon da ke gargaɗin mutum ya tsaya.

Amma akwai wani lissafi da ya kamata ya kwantar wa mai rauni hankali. Lokacin ƙungiya jimillar lokacin kowa ne. Gwanin da ke cin kilomita biyar a minti 18, kafin ya rage minti ɗaya sai ya sha wahalar watanni. Malamin makarantar da ke cinta a minti 40, idan ya yi atisaye sau uku a mako na wata biyu, yana haɗa gudu da tafiya yana ƙara gudun sannu a hankali, ba abin mamaki ba ne ya sauko minti 33. Minti bakwai ke nan ya kawo wa ƙungiya, abin da gwanin ba zai iya kawowa ba ko zai mutu. A ƙungiyar 'yan sha'awa, wanda ake ganin shi ne kaya, a hannunsa ribar take.

Nijar ta taɓa ganin yadda duniya ke karɓar irin wannan mutum. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Hamadou Djibo Issaka ya shiga tseren kwale-kwale bayan atisayen wata uku kacal. Shi ne na ƙarshe da tazara mai yawa, amma 'yan kallo suka miƙe suna yi masa tafi har ya kai. Tsohon zakaran Ingila Steve Redgrave ya soki ba shi gurbin, yana ganin akwai waɗanda suka fi cancanta. A Olamfik maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Tseren gari kuwa don irin su Issaka ake yin sa.

Lissafi a kan hanyar Filinge

A ɗauko tsarin Oregon a shimfiɗa shi a kan hanyar Yamai zuwa Filinge, sai abin ya zauna kamar an auna. Kilomita 180, mutum 12, kowa zango uku na kilomita biyar, zango 36 ke nan daidai. Idan ƙungiya na cin kilomita a minti shida da rabi, gudun mai matsakaicin ƙarfi, awa 19 da rabi za ta yi. A tashi daga filin wasa na Janar Seyni Kountché bayan sallar asuba, a bi ta Hamdallaye, a ratsa Balleyara mai kasuwar dabbobi ta ranar Lahadi, a shiga dallol, a isa Filinge cikin dare. Kountché kansa ɗan wannan yanki ne, a Fandou aka haife shi.

Ƙafafun da za su yi wannan aiki akwai su. Wanda ya yi noma da hauya a jigawa, ko ya bi shanu zuwa rijiya, ko ya yi dakon ruwa, yana da ƙarfin zuciya da huhun da ma'aikacin ofis a Kopenhagen ke biyan kuɗi a gidan motsa jiki don ya samu. Abin da ba shi da shi sabo ne da gudu a kan ma'auni ɗaya, kuma wannan cikin makonni ake koyonsa.

Ƙungiyoyin ma akwai su. Kowace unguwa na da fadarta, samari shida zuwa goma masu suna da shugaba da asusun shayi. Kafin fada akwai samariya, wadda gwamnatin Kountché ta farfaɗo da ita a shekarun 1970, kafin samariya kuma akwai gayya. Wasan langa ma na ƙungiya ne, na ƙafa da numfashi. Kuma Nijar ta nuna cewa in ta ga dama tana iya ɗaga wasan ƙauye ya zama na ƙasa: gasar kokawa ta neman takobi, da aka fara a Tawa a 1975, yau ita ce ke tsayar da ƙasar cik duk shekara. Sai dai kokawa ta mutum goma ce daga kowace jiha, sauran jama'a 'yan kallo ne. Tseren zango-zango na saka 'yan kallon a fili.

Haka nan yana buɗe ƙofa ga mata. Ƙungiyar 'yan mata 'yan kwaleji shida, cikin shigar da iyaye suka yarda da ita, da malama a wurin karɓa, ta fi sauƙin samun izinin gida a kan yarinya ɗaya da za ta fita titi ita kaɗai. Aminatou Seyni, wadda ta zo ta huɗu a tseren mita 200 a gasar duniya ta Eugene a 2022, shaida ce cewa ƙasar ba ta rasa 'yan mata masu gudu ba.

Hanyar ce ba ta buɗe ba

Duk wannan lissafi a takarda yake, kuma mutanen Sanam sun fi kowa sanin dalili. Tun watan Maris na 2017 gundumar Abala, wadda Sanam ke cikinta, ta shiga jerin yankunan da aka sanya wa dokar ta-ɓaci. Ranar 25 ga Disamban 2019 'yan bindiga suka yi wa ayarin da ke raka masu rajistar zaɓe kwanton ɓauna a yankin Sanam, suka kashe jami'an tsaro 14, jandarmomi bakwai da dakarun Garde Nationale bakwai. A farkon 2020 hukumomi suka haramta hawa babur a sassan jihar Tillaberi, abin da ya taɓa kowa, daga mai kai mara lafiya asibiti zuwa ɗan kasuwa.

Tseren dogon zango kuwa duk abin da ya dogara da shi shi ne abin da rashin tsaro ke fara ci: titi a buɗe da dare, motoci na tsayawa a daji, babur na bin ɗan gudu da ruwa, jama'a a tare a wuri ɗaya a lokacin da aka sanar tun da wuri. Babu mai hankalin da zai tura saurayi shi kaɗai da fitila a goshi tsakanin Filinge da Sanam ƙarfe biyun dare, kuma jami'an tsaron da za a ce su raka shi suna da aikin da ya fi wannan.

Akan kawo misalin Kenya a irin wannan zance. Tegla Loroupe, 'yar Afirka ta farko da ta ci famfalaƙin New York a 1994, ta fara tseren zaman lafiya a garin Kapenguria a 2003, inda matasan ƙabilun da ke satar wa juna shanu ke gudu tare. Abin ya yi amfani wajen haɗa fuskoki. To amma rikicin makiyayan da suka san juna daban yake da na ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a iyakar Mali, kuma zai zama yaudara a ce gudu ne zai kawo ƙarshensa. Tsere na biyo bayan zaman lafiya ne, kamar yadda kasuwa ke biyo bayansa. Ranar da aka ga samari na miƙa wa juna ƙyalle a kan hanyar Tebaram da dare, to an riga an samu abin da ake nema.

Abin da za a iya yi a cikin gari

Sa'ar da aka yi ita ce tsarin mutum shida ba ya buƙatar dogon titi. Da'irar kilomita biyu da rabi a cikin gari ta isa: mai zangon biyar ya zagaya sau biyu, mai goma sau huɗu, na ƙarshe a auna masa nasa. Wurin karɓa guda ɗaya ne, a filin makaranta ko ƙofar fada, don haka randunan ruwa da ma'aikacin jinya da alƙalai duk suna wuri ɗaya, babu buƙatar mota ko babur. 'Yan kallo ma sun fi morewa, domin suna ganin nasu yana wucewa duk bayan kwata ɗaya na awa. Agogon wayar salula da littafin rubutu sun isa ɗaukar lokaci. Ƙyalle kuwa tela zai yanka daga ragowar atamfa. Abin da ba a tsallakewa shi ne izinin hukumomin gari da na tsaro, da amincewar masu sarauta.

Lokaci shi ne babban abu. Daga Maris zuwa Mayu babu zancen tsere, da damina kowa na gona, ga zazzaɓin cizon sauro, watan azumi ma a bar shi. Disamba da Janairu suka rage, lokacin da safiya ke da sanyi, an gama girbi, wasu 'yan ci-rani ba su riga sun tafi ba. Ƙurar hunturu ce kawai abin lura ga masu asma. Ƙungiyar da ke cin kilomita a minti shida da rabi za ta gama 42.195 cikin awa huɗu da rabi da 'yan mintoci, wato in an tashi ƙarfe shida da rabi, sai wajen sha ɗaya, rana ta fara cizo. Ga masu farawa tsarin Kopenhagen ya fi, mutum biyar kilomita 25, ƙasa da awa uku, kafin ƙarfe tara da rabi kowa ya koma harkarsa.

Mai gudu a zafi na iya zubar da lita guda ta zufa ko fiye a cikin awa. Alƙali ya san alamun da ake tsayar da mutum a kansu ko yana so ko ba ya so: tangaɗi, magana ba kan gado, rashin gane inda yake. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a kira ma'aikacin jinya. Wanda ya kwana da zazzaɓi ba ya gudu. Mai sikila, da mai hawan jini, da wanda ya haura arba'in bai saba motsa jiki ba, su fara ganin likita. Kowace ƙungiya ta zo da mutum ɗaya na ko-ta-kwana, kuma a rubuta a doka cewa in wani ya tsaya a hanya, na gaba zai tashi da ƙyallen aro a ƙara musu mintoci, ba za a kore su ba. Wannan ita ce dokar da ke hana rarrafe.

Takalmi kuwa kambas na gwanjo ya wadatar, muddin an saba da shi makonni kafin ranar. Sabon takalmi ƙuraje yake kawowa. Gudu ba takalmi a ƙasar da ƙaya da ƙarangiya suka yi yawa ba jarumta ba ce. A kuma guji sa da'irar ta bi ta yashi mai zurfi, domin kilomita ɗaya a cikin rairayin dallol ta fi biyu a kan tsandauri cin ƙafa.

Idan hanya ta fara lafawa, akwai mataki na gaba da ya riga ya auna kansa. Daga Filinge zuwa Tukunus, inda tashar gwajin kiwon shanun Azawak take, kimanin kilomita 20 ne. Zuwa da dawowa ya kusa cika nisan famfalaƙi, a yi shi da rana tsaka-tsakin sanyi, mutum uku su kai, uku su dawo da ƙyallen, ragowar kilomita biyun a cike ta da zagaye ɗaya a cikin gari.